Taurarin bakin ganuwa: Yadda sinadarai ke tona asalin curin Omega Sentauri

Daga watan Afrilu zuwa Yuni, duk wanda ya fita wajen gari da daddare, inda hasken lantarki bai kai ba, ya fuskanci kudu, zai iya hango wani ɗan tabo mai dishi-dishi a sararin sama, kamar tauraron da hazo ya lulluɓe. A Kano yakan ɗaga kimanin digiri 30 daga doron ƙasa idan ya kai ƙololuwarsa, a Abuja kuma ya ɗan ɗara haka. Masanin taurari na Iskandariya, Ptolemy, ya sanya shi a jerinsa wajen shekara ta 150 Miladiyya a matsayin tauraro guda. Sai a 1677 Baturen Ingila Edmond Halley, yana tsibirin Sent Helena, ya lura cewa abin ya fi kama da ɗan gajimare. A yau an san cewa taurari ne kusan miliyan 10 suka dunƙule wuri guda, a nisan da haske kan shafe shekara kusan 17,000 kafin ya ratsa. Sunansa Omega Sentauri.

Irin wannan taro shi za mu kira curin taurari, domin siffarsa ta curin fura ce: a mulmule yake, a cushe a tsakiya, yana sassautawa zuwa gefe. Kada mai karatu ya haɗa shi da Kaza da 'Ya'yanta, wadda kowa ya sani. Ita Kaza taro ce ta taurari dubu da 'yan kai, a warwatse, shekarunta ba su wuce miliyan 100 da wani abu ba. Curi kuwa kan ƙunshi taurari daga dubun dubata zuwa miliyoyi, kuma mafi yawansu sun haura shekara biliyan 11. Rana, wadda ita ma tauraruwa ce, shekararta biliyan 4.6 ne kacal. Akwai curi fiye da 150 da ke kewaya ƙaton garken taurarin da muke cikinsa, wanda Turawa ke kira Milki We, kuma Omega Sentauri ne mafi girmansu.

An daɗe hankalin masana yana kan tsakiyar curi, inda taurari suka yi cincirindo har hoto ya fi kyau. A 'yan shekarun nan kuwa sun karkata zuwa gefe, inda taurari suka yi tsilla-tsilla har da ƙyar ake bambance ɗan gida da ɗan hanya. Dalili shi ne akwai wata gardama da ta fi shekara 20 ana yi a kan yadda aka haifi curin taurari, kuma shaidun da za su iya raba ta suna can bakin iyaka, wasu ma sun riga sun tsallaka.

Yadda ake karanta sinadari daga haske

A 1835 masanin falsafa na Faransa, Auguste Comte, da yake neman misalin abin da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba, sai ya zaɓi sinadaran da ke jikin taurari, tunda ba mai zuwa can ya ɗebo samfur. Ashe mabuɗin ya riga ya shiga hannu. Tun a 1814 wani mai sana'ar gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer, ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje launi-launi kamar bakan gizo, sai ya ga ɗaruruwan siraran layuka baƙaƙe sun gitta launukan. Ya ƙirga fiye da 500, ya rasu bai san ma'anarsu ba. A 1859, shekara biyu bayan mutuwar Comte, Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka warware zancen a Heidelberg: kowane sinadari yana da launukan da yake fitarwa idan ya yi zafi, kuma su ɗin dai yake haɗiyewa idan haske ya ratsa ta cikinsa.

Uwargidan da gishiri ya taɓa zubar mata a kan wutar gas ta ga wannan da idonta, domin nan take harshen wutar ke komawa rawaya. Sodiyom ɗin da ke cikin gishirin ne ya ba da wannan launi. Idan aka tsefe hasken tauraro aka ga layuka biyu baƙaƙe daidai gurbin wannan rawayar, to akwai sodiyom a jikinsa, kuma gwargwadon duhun layin da faɗinsa, bayan an yi la'akari da zafin tauraron, gwargwadon yawan sinadarin. Ta wannan hanya aka gano hiliyom a rana a 1868, shekara 27 kafin a same shi a doron ƙasa. Layukan suna da wani amfani kuma: sukan ɗan gusa zuwa ɓangaren ja idan tauraro yana nisantarmu, zuwa shuɗi idan yana matsowa, kuma daga wannan gusawa ake lissafa gudunsa.

A 1925 Cecilia Payne ta nuna a Harvard cewa kusan dukkan jikin taurari haidirojin ne da hiliyom. A rana, kimanin kashi uku cikin huɗu na nauyinta haidirojin ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu hiliyom, duk sauran sinadarai kuwa, daga oksijin da kabon har baƙin ƙarfe da zinariya, ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Wannan ɗan ragowar shi ne abin nema. A bisa lissafin masana, a farkon samuwar sararin samaniya, shekara biliyan 13.8 da suka shige, ba waɗannan sinadarai masu nauyi. A cikin taurari aka ƙera su, taurarin suka mutu suka watsa su, wasu taurarin suka samu daga gajimaren iskar da aka gauraya da su. Saboda haka tauraron da ke da ƙarancin ƙarfe, galibi tsoho ne, ko kuwa an haife shi a inda ba a yi mace-macen taurari da yawa ba.

Abin da ya sa wannan ya zama hujja shi ne, tauraro a can cikin cibiyarsa yake ƙona makamashinsa, fatarsa ta waje kuwa kan riƙe mafi yawan sinadaran gajimaren da ya haife shi har tsufansa. Tamkar tsagen gado ne a fuska: mutum ya yi ƙaura, ya sake harshe da tufafi, amma mai ido ya dube shi ya faɗi gidansu. A 2002 masana biyu da ke aiki a Ostireliya, Ken Freeman da Joss Bland-Hawthorn, suka ba da shawarar a yi amfani da wannan tsage wajen haɗa taurarin da suka warwatse da danginsu.

Gida ɗaya, jini biyu

Har zuwa wajen 1970 abin da ake koyarwa shi ne, taurarin curi duk 'yan ciki ɗaya ne: gajimare ɗaya, lokaci ɗaya, sinadari ɗaya. Ta fuskar ƙarfe kuwa haka abin yake a mafi yawan curi, domin idan aka auna tauraro ɗari a curi guda, ƙarfensu kusan bai-ɗaya yake fitowa. Sai dai a 1971 aka ga taurari masu naitirojin fiye da kima a curin M5 da M10, a 1978 kuma Judith Cohen ta samu bambancin sodiyom tsakanin taurarin M3 da M13. Sannu a hankali wani tsari ya bayyana: tauraron da sodiyom ɗinsa ya yi yawa, oksijin ɗinsa ya yi ƙasa, wanda naitirojin ɗinsa ya hau, kabon ɗinsa ya sauka, a wasu curi ma alminiyom kan hau, maganiziyom ya ragu.

Da farko an ɗauka tsufa ne. Taurarin da aka fara aunawa duk jajayen ƙattai ne, wato tsofaffin da suka kumbura suka yi haske, sai aka ce cikinsu ne ke motsawa yana ɗago abin da aka dafa a ƙasa zuwa sama. Wannan bayani ya rushe a 2001, lokacin da Raffaele Gratton da abokan aikinsa suka yi amfani da babban madubin hangen nesa na Turai da ke Paranal a ƙasar Chile, suka samu wannan tsari a ƙananan taurarin curin NGC 6752 da ba su kai ga kumbura ba. Don a ƙera sodiyom a cinye oksijin ta wannan hanya, sai zafi ya kai wajen digiri miliyan 40. Don a juya maganiziyom ya koma alminiyom, sai wajen miliyan 70. Cibiyar rana digiri miliyan 15 ce, kuma waɗannan taurari ba su ma kai rana nauyi ba. Ke nan ba su suka dafa abin da ke jikinsu ba, gadonsa suka yi.

Daga nan aka gina bayanin da ya fi karɓuwa a yau. Curi ya fara haihuwar zuriya ta farko, mai sinadarai irin na sauran tsofaffin taurarin garke. Wasu manya daga cikinsu, masu zafin ciki, suka fitar da iskar da aka dafa, iskar ta gangara tsakiyar curin ta taru, aka haifi zuriya ta biyu daga gare ta. Su wane ne waɗannan manya, har yau ba a daidaita ba. Wasu na cewa taurari ne masu nauyin rana huɗu zuwa takwas a ƙarshen rayuwarsu, wasu na cewa manya ne masu juyawa da tsananin gudu, wasu kuma na hasashen wani ƙaton tauraro mai nauyin dubban rana da ya taɓa zama a cibiyar curin.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne yawan abin. A 2009 Eugenio Carretta da tawagarsa suka fitar da awon jajayen ƙattai kusan 2,000 a curi 19. Duk curin da suka duba yana da wannan rabuwa, kuma zuriyar farko kimanin kashi ɗaya cikin uku ce kawai. A wajen curi kuwa, cikin taurarin garke na yau da kullum, da wuya a ga mai irin wannan tsage na yawan sodiyom da ƙarancin oksijin.

Lissafin da ya ƙi daidaita

A nan ne matsalar take, kuma duk ɗan kasuwa zai gane ta. Iskar da manyan taurarin zuriyar farko za su iya fitarwa 'yar kaɗan ce idan aka kwatanta da nauyin zuriyar baki ɗaya. To ta yaya zuriyar da aka yi da wannan 'yar iska ta ninka iyayenta biyu? Kamar mai injin niƙa ne ya nuna maka buhun gari ɗaya da buhun dusa biyu, ya ce duk daga hatsi ɗaya suka fito. Ko dai labarin bai cika ba, ko kuwa akwai buhunan gari masu yawa da suka fice ta ƙofar baya.

Masu riƙe da bayanin zuriya biyu ƙofar bayan suka zaɓa. Suka ce a lokacin haihuwa kowane curi ya ninka girmansa na yau sau goma ko fiye, sannan ya zubar da kashi 90 cikin 100 ko fiye na zuriyarsa ta farko, wadda ke zaune a gefe, ya riƙe ta biyu da ke ƙunshe a tsakiya. Kyawun wannan da'awa shi ne ana iya gwada ta. In gaskiya ce, ya kamata har yau zuriyar farko ta fi yawa a gefen curi, kuma taurarin da suka kuɓuce su kasance galibi nata ne.

Kowane curi yana da ganuwar da ido ba ya gani. Ƙarfin jawowa, wanda ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa kuma wata ya riƙa kewaya duniya, shi ke riƙe taurarin curi wuri guda. Amma garken Milki We ma yana ja, kuma akwai nisan da idan tauraro ya wuce shi, jan garke ya rinjayi na curi. Wannan ita ce ganuwar, wadda masanin Amurka Ivan King ya tsara lissafinta tun 1962. Gefen da ke kusa da ita yana da wata daraja ta daban. A tsakiyar Omega Sentauri tazarar tauraro da maƙwabcinsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na tafiyar haske ta shekara ba, alhali tsakanin rana da tauraro mafi kusa da ita tafiyar shekara huɗu ce da 'yan watanni. A irin wannan cunkoso taurari kan yi ta gittawa kusa da juna suna karkatar da hanyar juna, masu nauyi su nutse ciki, marasa nauyi su fita waje, har tsarin farko ya goge. A gefe kuwa irin wannan cakuɗa kan ɗauki biliyoyin shekaru, a wasu curi ma ta zarce shekarun curin kansa. Sawun asali ya fi daɗewa a inda ba a yawan takawa.

Me aka tarar? A manyan curi irin su 47 Tukana da NGC 2808, hasashen ya yi daidai: zuriya ta biyu ta fi taruwa a tsakiya, ta farko tana ƙaruwa idan ana fita. A NGC 6362 zuriyoyin biyu sun gauraya sarai, abin da ba mamaki tunda curin ya tsufa a cakuɗe. Amma wani bincike da aka fitar a 2023 a kan curi 28, wanda ya haɗa hotunan madubin Hubble na tsakiya da na madubai na ƙasa masu ɗaukar gefe, ya samu curi biyu, NGC 3201 da NGC 6101, da abin ya juye: zuriyar farko ce a tsakiya. Curi biyu ba su isa su rushe bayani ba, amma bayanin bai tanadar musu gurbi ba.

Akwai kuma binciken kuɗi, in za a kira shi haka, da aka yi a wani ɗan ƙaramin garke maƙwabcinmu mai suna Fornaks. A 2012 Søren Larsen da abokansa suka ƙirga dukkan taurari masu ƙarancin ƙarfe a garken, suka ga kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar nasu suna cikin curin garken ne har yanzu. Ko da a ce duk sauran daga curi suka zubo, curin ba za su taɓa ninka girmansu na yau fiye da sau huɗu ko biyar ba. Buhunan garin da ake nema ba su cika ba. A ganina, wannan ita ce hujja mafi nauyi da ke kan bayanin zuriya biyu, kuma ya ci gaba da zama a littattafai ne don ba a samu wanda ya fi shi ba.

Kama da wane ba ta wane

Wahalar aiki a gefen curi ita ce baƙi. Omega Sentauri yana kusa da farantin garkenmu a yadda muke hango shi, saboda haka tsakaninmu da shi, da kuma bayansa, akwai ɗimbin taurarin da ba su haɗa komai da shi ba face sun faɗo a layi ɗaya. A tsakiya 'yan gida sun rinjaye su, a gefe kuwa baƙin ne ke da rinjaye nesa ba kusa ba.

A 2008 Gary Da Costa da Matthew Coleman suka auna taurari fiye da 4,000 a kewayen curin da madubin hangen nesa mai faɗin mita 3.9 da ke Siding Spring a Ostireliya. Omega Sentauri yana da alamar da ke sauƙaƙa aiki, domin yana nisantarmu da gudun kilomita 230 da 'yan kai a daƙiƙa, gudun da taurarin farantin garke ba su cika yi ba. Duk da haka, a bayan ganuwar, taurari shida kacal suka samu da gudunsu da ƙarfensu suka dace da na curin. Sakamakon ya sanyaya gwiwar masu neman taurarin da suka tsere.

Abin da ya sauya lamarin shi ne kumbon Gaia na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wanda aka harba a Disambar 2013 ya yi aiki har farkon 2025. Gaia ya auna matsayi da motsin taurari fiye da biliyan ɗaya, har ana iya ware waɗanda ke tafiya tare kamar ayari daga waɗanda ke gittawa kawai. Yanzu kafin a ɓata daren madubi a kan tauraro, an riga an san ko tafiyarsa ta dace. Shaida uku ake haɗawa: inda yake, inda ya dosa, da abin da ke jikinsa. Biyun farko na iya dacewa bisa katari, na ukun ne ke da wuyar aro.

Curin da ƙila ba curi ba ne

Omega Sentauri ya saɓa wa 'yan uwansa a abu guda babba: ƙarfen taurarinsa ba bai-ɗaya ba ne. A 2010 Christian Johnson da Catherine Pilachowski suka auna jajayen ƙattai 855 a cikinsa, suka ga sun kasu rukuni biyar. Rukuni mafi yawa yana da kusan kashi 2 cikin 100 na ƙarfen da rana ke da shi, mafi wadata kuma yana da ninkin haka sau goma. Sun kuma lura cewa taurari masu tsananin ƙarancin oksijin a tsakiya suka taru.

Ƙarfe daga fashewar taurari yake fitowa, kuma fashewar kan watsa shi da gudun dubban kilomita a daƙiƙa. Curi na yau da kullum ba shi da nauyin da zai riƙe irin wannan iska, shi ya sa ƙarfensa ba ya ƙaruwa. Tunda Omega Sentauri ya riƙe nasa har ya haifi zuriya bayan zuriya, to ya taɓa zama cikin wani abu da ya fi shi nauyi ƙwarai. Ga shi kuma yana kewaya garke ta hanyar da ta saba wa ta rana. Shi ya sa masana da dama ke ganin cibiyar wani ƙaramin garke ce da Milki We ya haɗiye, ya ɓare jikin ya bar ƙwallon. Ba baƙon abu ba ne, domin a 1994 an gano ƙaramin garken Sajitariyus ana cikin yayyaga shi, ga curin M54 zaune a cibiyarsa. (A 2024 ma an ba da rahoton taurari bakwai masu tsananin gudu a tsakiyar Omega Sentauri, waɗanda ke nuna akwai baƙin rami mai nauyin rana aƙalla 8,200 a wurin, irin abin da aka fi tsammani a cibiyar garke.)

In haka ne, ina ɓawon? A 2019 Rodrigo Ibata da tawagarsa a Strasbourg ta Faransa suka tsinci wani siririn jerin taurari a bayanan Gaia, suka raɗa masa suna Fimbulthul, sunan wani kogi a tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai. Lissafin kwamfuta ya nuna cewa wutsiyar Omega Sentauri ce, mai miƙewa har digiri 28 daga curin, wato tsawon cikakken wata 56 a jere. Sun tsefe hasken taurari biyar daga ciki, gudunsu da ƙarfensu suka dace. A shekarar da ta biyo baya, Jeffrey Simpson da masu aikin GALAH, wani shiri na Ostireliya da ke auna sinadarai kusan 30 a jikin kowane tauraro, suka samu ƙarin taurari biyu a jerin, masu yawan sodiyom da alminiyom, tare da yawan sinadarai masu nauyi dangin bariyom, daidai irin tsagen da aka san Omega Sentauri da shi.

Taurari biyu ba yawa, kuma ya kamata a faɗi haka. Ƙarfin shaidar yana cikin ƙarancin irinsu a waje. Amma akwai wani abin takaici da ke ɓoye a nan. Taurarin da aka fi iya kamawa idan sun tsere su ne na zuriya ta biyu, domin su ke da tsagen da ba na kowa ba. A can sararin da ke kewaye da garkenmu, kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na tsofaffin jajayen ƙattai suna ɗauke da wannan tsage, kamar yadda Sarah Martell da Eva Grebel suka fara nunawa a 2010. Zuriyar farko kuwa, wadda ita ce ake cewa an zubar da mafi yawanta, da zarar ta yi nisa da gida sai ta saje da jama'a, don sinadaranta irin na kowa ne. Hanya ɗaya ta ƙirga ta ita ce a riske ta tun tana bakin ganuwa ko a cikin wutsiya, inda tafiyarta ke nuna gidansu. Wannan ne ya sa ake ta ɓata dare a kan 'yan taurarin da ba su da wani kyan gani.

An yi irin wannan riska a curin NGC 1851, wanda aka gano a 2009 cewa wani siririn mayafi na taurari ya lulluɓe shi har can bayan ganuwarsa. Taurarin cikin curin sun kasu gida biyu, masu yawan bariyom da masu ƙarancinsa. Da Anna Marino da abokan aikinta suka auna na mayafin a 2014, sai suka tarar masu ƙarancin bariyom ne suka mamaye shi. A nan dai, waɗanda ake ɗauka su ne na farko su aka samu a waje.

Wutsiyar da ba ta da kai

Wani lokaci zubar takan ci gaba har curin ya ƙare. Palomar 5 yana kan wannan hanya: a 2001 aka gano wutsiyoyinsa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, tsawonsu ya haura digiri 20, kuma taurarin da ke cikinsu sun fi waɗanda suka rage a curin yawa.

Akwai kuma jerin da ba a ga curinsu ko kaɗan ba, kuma su ne suka gyara wani tsohon zato. Duk curin da aka sani a garkenmu ba wanda ƙarfensa ya gaza kimanin kashi ɗaya cikin 300 na rana, har aka fara ɗauka cewa ƙasa da haka curi ba ya samuwa. A 2020 aka auna jerin taurarin Finiks, aka ga ƙarfensa kashi ɗaya ne cikin 500. A 2022 Nicolas Martin da tawagarsa suka ba da rahoton wani jerin mai suna C-19, wanda ƙarfensa kashi ɗaya ne cikin 2,500 na rana, ƙasa da duk wani taron taurari da aka taɓa aunawa. Ba cibiya, ba ganuwa, sai taurari a jere suna bin hanya ɗaya. Ƙarfensu bai-ɗaya ne, sodiyom ɗinsu kuwa ya bambanta daga tauraro zuwa tauraro, kuma da wannan aka gane cewa curi ne ya taɓa zama.